Azumin da Ya Sa Mota Ta Tafi Ta Bar Ni

Lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da ɗaya, ban yi aure ba, ina koyarwa a wata firamare a kudancin Katsina, kuma a ganina duk ikkilisiyarmu babu wanda ya kai ni sanin ya kamata. Mu Hausawa ne Kirista tun daga kan kakana. Ni ce mai ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ni ce mai koyar da yara ranar Lahadi, ni ce kuma mai aika harara idan wata ta shigo coci da ɗankwali a karkace. Edita, na fara da wannan ne don masu karatu su san irin tudun da na faɗo daga kansa. Yau kusan shekara ashirin ke nan ban taɓa ba da labarin yadda yake ba. Abin da mutanen garinmu suka sani shi ne wai matsalar takardu ce ta riƙe ni kwana tara a Amurka, kuma ni na gaya musu haka da bakina.

A tsakiyar shekarun dubu biyu aka zaɓe ni cikin wata tawagar bishara ta mutum tara daga ƙasashe daban-daban. Aikin shekara ɗaya da rabi ne, a yi wata uku a wannan zango, a ɗaure kaya a wuce na gaba. Ranar da zan tashi, rabin gari suka raka ni tasha da ganga da kacau-kacau, mahaifiyata da ba ta rawa ta taka. Baba kuwa magana ɗaya ya yi mini, ya ce in je in dawo lafiya, amma kada in kuskura in dawo kafin lokaci, domin wanda aka raka da kiɗa ba ya sulalowa gida ta bayan katanga. Zangonmu na farko birnin Greensboro ne a Amurka, saboda akwai masu jin Hausa da yawa a can, galibinsu mutanen Nijar, kuma a tawagar ni kaɗai ke jin yaren. Shugabanmu wani Bature ne mai jan gashi, na girme shi da shekara huɗu, kullum da takarda a hannu yana dubawa yana ja mata layi. Babu abin da yake ƙauna kamar ranar tafiya. Tun makon farko ya karanta mana dokokinta: jaka ɗaya ga kowa, sai an auna ta, mota ba ta jiran kowa, kuma ba a barin gari da wani abu a ɓoye a zuciya. Wanda aka samu ya ci amanar masu masauki, tikitinsa na gaba na gida ne.

Aka sauke ni a unguwar Irving Park, gidan wata tsohuwa da nake kira Mama, shekararta saba'in da huɗu. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin zuwana, 'ya'yanta suna wasu jihohi. Gida ne mai ɗakuna bakwai da mutum ɗaya a ciki. Ka leƙa titi tun safe har yamma ba ka ganin kowa sai motoci da mai yankan ciyawa. Matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ta saya mini rigar sanyi, ta koya mini kunna injin wanki, ta sa hoton iyayena a kan firij ɗinta. Matsala ɗaya ce tak, girkinta. Ranar farko ta ajiye mini koren wake da aka nutsar a wata farar miya mai kauri, ga nama an shafa masa sukari, ga shayi da ƙanƙara a ciki. Babu barkono, babu daddawa, gishirin ma sai ka yi bincike. Na haɗiye da ƙyar, ta tambaye ni yadda na ji. Ɗiyar Hausawa da aka yi wa tarbiyya me za ta ce wa uwar masaukinta? Na ce ban taɓa cin abu mai daɗi irinsa ba. Mama ta yi ta murna, ta ce marigayi ma shi ya fi so. Daga ranar, in ba ta dafa shi ba to ta ɗumama na jiya.

Aikina shi ne ziyarar gidajen masu jin Hausa. Kowace Talata da Alhamis motar tawaga ta kan ajiye ni da hantsi a wasu gidajen haya masu bene, ta dawo ɗaukata da la'asar. A zuwana na biyu, ina hawa matakala ƙamshin daddawa ya tare ni. Ban san lokacin da na ƙwanƙwasa ƙofar ba. Wata Hajiya ce 'yar Maraɗi, ƙatuwar mace mai fara'a, tana kitso a gida, mijinta Alhaji yana tuƙa tasi. Na gabatar da kaina, ban ɓoye abin da ya kawo ni ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ta ji, amma ita ba ta sauraron wa'azin mai jin yunwa, in fara wanke hannu. Ta ajiye tuwon masara malmala biyu, miyar kuka da man shanu, ga yaji a gefe. Edita, sai da na yi hawaye, kuma ba na yaji ba ne. Da na gama na buɗe jaka zan ciro takardun bishara, sai barci ya sace ni a kan dardumarta. Haka muka saba. Ta kan ce ni 'yar mishan ce mai albarka tunda ba na barin saura, ta kuma ce tana yi mini addu'a in musulunta, ni ma in ce ina yi mata tawa. Babu wadda ta ja wata, amma na koyi kitson shuku, ita kuma ta sami mai wanke mata kwanoni.

Wahalar ita ce komawa gida. Zan shigo ciki dam, numfashi da ƙyar, in tarar Mama ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta kunna kyandir, koren wake yana jirana. Sau biyu na daure na tura shi a kan tuwo, na kwana ina juyi. A karo na uku da ta miƙo cokali, sai na ji bakina ya ce azumi nake yi. Na ce na keɓe Talata da Alhamis domin aikin ziyara, ba na cin komai sai washegari, ruwa kawai. Ban shirya ƙaryar ba, ita ta fito da kanta, da ƙafafunta. Mama ta ajiye cokalin a hankali, idonta ya kawo ruwa, ta ce a duk rayuwarta ba ta taɓa zama gida ɗaya da mai irin wannan bangaskiya ba. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, a gaskiya kuwa gyatsa nake dannewa.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Ranar Lahadi sai ga Mama ta tashi a coci tana ba da shaida a kaina. Mutane suka riƙa zuwa suna riƙe hannuna biyu-biyu. Shugaban tawaga ya rubuta wani abu a takardarsa, daga baya ya sa na yi wa sauran takwas ɗin jawabi a kan amfanin azumi, kuma na yi, har da misalai. Bayan mako uku Mama ta sanar da ni cewa ba za ta iya zama tana ci ni ina yunwa a ƙarƙashin rufinta ba, ita ma ta shiga. Na ce shekarunta sun ja, Ubangiji ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Ta ce ta tambayi likitanta, ya yarda ta sha ruwan lemo. To daga nan, duk Talata da Alhamis in dawo da ƙamshin man shanu a hannu, in wanke da sabulu sau uku a bayi, in sauko mu zauna a tebur da kofin ruwa ɗaya-ɗaya mu yi addu'a. Cikinta yana ƙugi, nawa ma yana nasa, amma dalili ya bambanta. Tana ramewa ina cikowa. Zanen da na zo da shi yana zagaye ni har ya yi rara, sai ga shi da ƙyar yake haɗuwa. Mama ta lura, ta ce ai haka Ubangiji yake ciyar da nasa ta hanyar da ba a gani. Na ce amin. Sau da yawa na yi niyyar gaya mata, in na kai ƙofar ɗakinta sai in tuna da dokar nan ta masu masauki da fuskar Baba, in koma in kwanta.

Wata uku suka cika, aka sa ranar tafiya, Alhamis da ƙarfe tara na safe, daga harabar cocin da ke unguwar Sedgefield zuwa filin jirgi. Kowa ya san yadda muke yi a gida idan za a yi doguwar tafiya: mutum ya bi dangi da maƙwabta ya yi sallama, ya ce a yafe masa abin da ya yi, wanda ya sani da wanda bai sani ba, su ma su ce ba ka yi mana komai ba, mu ma ka yafe mana, a rabu lafiya. Ranar Laraba na ɗaura ɗankwali na fara zagaye a coci. Na sami fasto a ofis na rusuna na nemi gafara. Na nemi ta matarsa, na nemi ta tsohon da ke tuƙa motarmu, da matar da ke kula da ɗakin girkin coci, da wasu uku. Na lura babu wanda ya ba ni amsar da aka saba. Kowa sai ya zare ido ya tambaye ni me na yi, in ce babu komai, ya ƙara zare ido. Matar ɗakin girki ma ina fita na ji tana buɗe durowoyi tana duba cokula. A raina na ce Turawa dai ba su iya sallama ba.

Ta Mama na bari sai safiyar tafiya, kuma da dabara na yi haka. Lissafina shi ne in durƙusa, in faɗi kalmomin da kowa ke faɗi, ta ce ta yafe, azumin ya shige a cikin wanda na sani da wanda ban sani ba, in hau jirgi da zuciya fara. Na sauko da jakata, na zube a gabanta a falo, gwiwa biyu a ƙasa. Tsohuwa ta tsorata, ta ɗauka faɗuwa na yi don yunwa, ta ruga ɗauko ruwan lemo. Da ta fahimci gafara nake nema, ta zauna ta tambaye ni ta mece ce. Na ce ta komai da komai. Ta ce ita ba ta san yadda ake yafe komai da komai ba, in faɗa mata abu ɗaya. Na ce lokaci yana ƙurewa. Muka shiga motarta, har muka kai Sedgefield tana satar kallona.

Muna isa na ga an jera jakunkuna ana ɗora su a ma'auni, na gode wa Allah da ba a auna mutane. Shugaba ya ja ni gefe, fuskarsa ta yi ja kamar gashinsa. Ya nuna mini takarda mai sunaye bakwai. Ashe duk wanda na nemi gafararsa jiya sai da ya buga masa waya. Fasto yana zaton na karya wani abu mai tsada, direba yana zaton na kai ƙararsa, matar ɗakin girki ta ce cokulanta sun cika amma hankalinta bai kwanta ba. Mama ta matso ta ce a ƙara ta, ta takwas. Shugaba ya ce ba zai iya sa ni a mota ba sai ya san wane irin laifi ne mutum ɗaya zai yi wa mutum takwas. Na yi bayani iya Turancina cewa al'ada ce, haka kowane matafiyi yake yi a wurinmu. Ya ce yana so ya yarda, amma bai taɓa ji ba, kuma babu wanda zai tambaya. Ƙarfe tara saura kwata, sauran 'yan tawaga sun shiga mota suna leƙena ta taga.

Sai ga tasi ta shigo harabar. Alhaji ne da Hajiya, sun zo rakiya, ta rungumo ƙatuwar kula da ledar dambun nama na guzuri. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ni da kaina na ce wa shugaba ga shaidu nan Allah ya kawo, ya tambaye su. Ya ce to, amma ni ba zan yi tafinta ba tunda maganata ake yi, Alhaji ya yi. Hajiya ta ajiye kula, ta gyara mayafi. Ta ce ƙwarai kuwa al'ada ce, Musulmi da Kirista duk haka suke yi, wanda ya tafi bai nemi gafara ba shi ne marar tarbiyya. Shugaba ya saki ajiyar zuciya, ya ɗaga alƙalami zai ja layi. Da Hajiya ta tsaya nan da yanzu ba na rubuta wannan wasiƙa. Amma ta ga ana tuhumar 'yarta, sai ta ce bari ta ƙara da yabo. Ta ce yarinyar nan ba ta da abin zargi, ita shaida ce, wata uku cur duk Talata da Alhamis a gidanta take wuni. Ta ce ba ta da ƙyanƙyami, ba ta da girman kai, malmala biyu take tashi da su, in akwai kwaɗon zogale ta ɗora, ta sha fura, ta yi barcinta, ta tashi ta wanke kwanoni. Na shiga ƙifta mata ido. Ta ɗauka yabon ne bai ishe ni ba, sai ta ƙara da cewa ranar da aka yi dambu har sau uku na miƙa kwano. Na roƙi Allah ya ɗaure harshen Alhaji, amma mutumin da kullum yake cakuɗa Turanci da Faransanci, ranar nan Turancinsa ya fita tas, bai zubar da ko malmala ɗaya ba.

Mama ta tambayi Alhaji, cikin sanyin murya, ko ya ce Talata da Alhamis. Ya ce haka ne, madam. Hajiya ta ga fuskoki sun sauya, ta tambaye ni da Hausa me ya faru, dole na gaya mata. Ban taɓa ganin fara'a ta gudu daga fuskar mutum da sauri haka ba. Ta ce ashe tsohuwa sa'ar uwata na bari da yunwa ina zuwa ina lashe mata tukunya, ta ce da ta sani da kula biyu za ta riƙa zubawa, ta kira ni marar kunya a gaban Turawan da ba su ji ba amma sun gane. Na sake zubewa a gaban Mama, wannan karon a kan kwalta, na faɗi abin da sunansa. Shugaba ya dubi agogo, ya dubi takarda, babu layin da ya tanadi irin wannan. Ya ce ba zan bi su yau ba, dattawan coci za su zauna su yanke ko in biyo baya ko in koma gida. Aka ciro jakata daga bayan mota. Ƙarfe tara daidai suka tashi, ina tsaye ina kallo, wata 'yar Koriya da ta fi kowa rubuta jawabina na azumi tana ɗago mini hannu tana kuka.

Na ɗauka a coci za a ajiye ni. Mama ta buɗe bayan motarta, ta ce in sa jakar, in sa kular ma. Na yi tafiye-tafiye a rayuwata, na kwana a filin jirgi, na hau akori-kura a kan buhunan albasa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan minti ashirin ɗin ba. Idonta yana kan titi har muka isa gida. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ajiye faranti biyu, ta ce in buɗe kular ta ga abin da aka sayar da ita a kansa. Ranar ma azumi take, na neman mana sauka lafiya. Ta sa wuƙa da cokali mai yatsu ta yanki tuwo, ta dangwali miya, yaji ya kama ta, ta sha ruwa ta sake yanka. Sai ta tambaye ni ko koren waken nan ba shi da daɗi ne, ta ce gaskiya take so. Na ce ba shi da shi, Mama. Sai ta ce shekara arba'in marigayi yana yabonsa, kuma yanzu ta gane dalilin da ya sa yake yawan cin abinci a kulob ɗinsu maimakon gida. Na yi dariya ina kuka. Ita ma ta murmusa, amma murmushin bai daɗe ba. Ta ce yunwar ba ta dame ta ba, kwana goma sha takwas ba wani abu ba ne. Ta ce tun da mijinta ya rasu, zaman nan da muke yi da kofin ruwa shi ne karo na farko da ta ji tana yin wani abu tare da wani a gidan nan, ashe a nan ma ita kaɗai ce.

Kwana tara na ƙara a gidanta. Ranar Lahadi na tsaya a inda ta ba da shaida a kaina na warware ta da bakina. Dattawa suka zauna, kuma na ji daga baya cewa Mama ce ta ce a bar ni in bi tawaga, ta ce ta yafe, tunda yanzu ta san abin da take yafewa. Hajiya ta yi mako ba ta amsa gaisuwata ba, sai ranar da zan tashi ta aiko Alhaji da dambun nama, da saƙon cewa rabi na tsohuwa ne. Na cika shekara ɗaya da rabi, na koma gida aka tarye ni da kiɗa, na ce takardu ne suka riƙe ni.

Ban ce al'adarmu ta sallama ba ta da kyau ba, har gobe ina yin ta. Amma na gane yadda na mayar da ita mafaka. Na nemi gafarar mutum bakwai da ban yi wa komai ba, don in cusa ta mutum ɗaya da na cuta a tsakiyarsu ta wuce ba a gani ba. 'Yan'uwa masu shirin tafiya, ko ta bishara ko ta aikin hajji ko ta neman abinci, idan kun durƙusa kuna cewa wanda na sani da wanda ban sani ba, ku tsaya ku raba su. Wanda ba ku sani ba ku bar wa Allah. Wanda kuka sani kuwa ku kira shi da sunansa a gaban mai shi, tun yana da damar yin fushi. Kuma in an ba ku abincin da bai yi muku ba, ku nemi yaji cikin ladabi tun ranar farko. Ni kunyar cokali ɗaya na guje wa, na bar tsohuwar da ta ɗauke ni 'ya tana zaune da yunwa ita kaɗai, ina gefenta ina cewa amin.